Kawuna Mai Ƙudajen Rairayi

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar kuwa ƙofar gidansa a Dangora ta cika da tabarmi da takalma. Ni ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna, matarsa, saboda haka abin da aka yi a waje sai daga baya Yaya, babban ɗan Kawu, ya riƙa ba ni labarinsa guntu-guntu.

Ya ce liman, wanda tare suka yi karatun allo da Kawu, da ya shafa addu'a sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Da ya ɗago ya ce bai taɓa ganin mai kallon halittar Allah da haƙuri kamar marigayin ba. Har an fara cewa Allah ya jiƙansa, sai ya ƙara da cewa shi ne kuma kaɗai mutumin da ya taɓa sa shi makara zuwa ɗaurin aure saboda ƙuda. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a zaman makoki ana share ido.

Mai shayin Kwanar Dangora ma ya rufe teburinsa ya zo. Ya ce duk ranar da Kawu ke jiran mota, wajensa yake zama. In ƙuda ya sauka a kan gwangwanin sukari ya ɗaga hannu zai kore shi, sai Kawu ya riƙe masa hannu, ya sunkuya ya duba, sannan ya ce wannan na gida ne, kore shi. Ya ce tun yana jin haushi har ya saba, yanzu ko Kawu ba ya nan sai ya ga hannunsa ya tsaya da kansa.

Can wajen magariba wani dattijon Bafulatani ya iso daga Burumburum da sandarsa a kafaɗa. Ba wanda ya san shi a wurin. Ya tsuguna a bakin tabarma ya tambaya ko gaskiya ne Modibbo buubi ya rasu. Sai da wani mai jin Fulatanci ya fassara aka gane malamin ƙudaje yake nufi. Ya ce shi ke nuna wa Kawu mashayar shanu masu farin rairayi, kuma har yau bai san abin da bawan Allah nan yake nema a can ba, amma sun sha fura a ƙwarya ɗaya shekara da shekaru.

Akwai kuma samarin da ke bayan tabarma suna raɗa cewa tsohon dai mutanen rafi ne suka taɓa shi. Yaya ya ji su. Ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

A cikin gida, mahaifiyata, wadda ƙanwar Kawu ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta daure tun safe tana karɓar gaisuwa, sai da aka fito da tsohuwar malfarsa daga ɗaki za a share sannan ta fashe da kuka. Wata maƙwabciya ta tambayi Inna yadda za a yi da akwatunan ƙwarin da ke ɗakinsa, ko a fitar da su a ƙone a samu wurin kwanan baƙi. Kowa a unguwar ya san tsawon zamansu Inna mita take yi da warin kafur ɗin da Kawu ke zubawa a akwatunan don kada wasu ƙwarin su cinye masa su. Amma ranar sai ta gyara mayafinta ta ce baƙi su kwana a ɗakinta, ɗakin malam a bar shi da warinsa.

Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa. Ina tsoron kada su girma ba su san komai game da shi ba sai cewa shi ne tsohon nan da ke bin ƙuda a rafi.

Kawu malamin gona ne tun yana saurayi. Daga baya aka mai da shi wata tashar binciken noma a wajen Zariya, aka sa shi a ɗakin da ake ajiye ƙwari. A can ya koyi soke su da siririyar allura, da rubuta inda aka kama su a kan 'yar takarda ƙarama kamar farce. A can kuma ya haɗu da dangin ƙudajen da suka ɗauke masa hankali har ƙarshen rayuwarsa. A littattafan aikinsa sunansu takinidi, shi kuwa a gida ƙudan gashi yake ce musu, saboda tsayayyun gashin da ke jikinsu kamar ƙaya. Da ya yi ritaya ya dawo Dangora da akwatuna, da wani ƙaramin madubin ƙara girma da yake ratayawa a wuya da zaren da ya yi baƙi don gumi, da raga wadda Inna ta ɗinka masa da tsohon gidan sauro tana faɗa.

Dogo ne, siriri, ba ya sauri a komai. In yana cin tuwo sai kowa ya tashi ya bar shi da kwano. In aka kawo masa magana ba ya amsawa nan take, sai ya karkata kai kamar mai jiran maganar ta gama sauka. Abin da ya fi yawan faɗa shi ne kada a yi saurin ba abu suna. Ƙuda ne, mutum ne, ciwo ne, duk haka yake cewa. An taɓa kawo masa ƙarar wani ɗan maƙwabci ana cewa ɓarawo ne, ya ce sunan nan ya yi wa yaron nauyi, a dakata a duba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina goye Uwata yake kirana, in na shigo ɗakinsa har gyara zama yake yi.

Ban san abin da yake yi a rafi ba sai da na girma na yi aure, mijina ya rasu, na dawo gida. Na fita takaba amma kamar ban fita ba. Ina kwana a ɗaki in wuni a ɗaki, abinci sai an matsa mini. Kowa ya zo sai ya yi mini nasiha, har na iya haddace abin da za a faɗa kafin a buɗe baki. Kawu bai yi mini nasiha ko sau ɗaya ba. Wata safiya dai na ji muryarsa a tsakar gida yana gaya wa mahaifiyata cewa idonsa ya fara gajiya, ta ara masa uwarsa ta riƙe masa madubi. Mahaifiyata ta ce me mutane za su ce, mace baligai tana bin ƙorama da raga. Ya ce za su ce ta raka kawunta ne.

Na bi shi ne don na rasa yadda zan ce a'a. Ƙoramar tana bayan gonarsu, ruwan damina ya janye ya bar shimfiɗar rairayi fari sol, ga duman rafi ya bi gefe-gefe da furanninsa. Muka zauna a inuwa har rana ta ɗan yi zafi, don ya ce ba sa fitowa sai rairayi ya ɗumama. Bai ce mini komai game da rashin da na yi ba. Ya nuna mini wani fili tsakanin ciyayi ya ce in kalla. Na kalla ban ga komai ba sai rairayi.

Ya ce, "Uwata, launinsu ɗaya da ƙasar. Ki nemi inuwarsa, in kin ga inuwa shi yana samanta."

Na daɗe ina kallo har idona ya yi ruwa. Sai na ga wani ɗan baƙin ɗigo ya matsa, ya tsaya, ya sake matsawa. Daga nan sai filin da na ɗauka babu kowa ya cika da motsi. Ga masu shan rana sun baza fukafukai, ga masu tashi kaɗan su sauka kamar suna gwada ƙasa, ga zanzaro yana jan tsutsa zuwa raminsa. Wata duniya ce cikakkiya a wurin da bai fi tabarmar salla ba, kowa yana ta hidimarsa, ba wanda ya san an yi mini mutuwa. Ban san dalili ba, amma wannan ne abu na farko da ya sanyaya mini zuciya. A ranar, da muka koma gida, na cinye abincina tas.

Daga nan na zama 'yar rakiyarsa. Mun bi ƙoramu a ƙasar Kiru, mun je bakin ruwa a wajen Bebeji, mun je mashayar shanu a Burumburum inda matan Fulani ke tsayawa da ƙwaryar nono a ka suna kallonmu suna murmushi. Ya koya mini rarrabe su a hankali, abu ɗaya a rana. Ya ce ƙudaje uku ne ke rikita mai koyo. Ƙudan gida kowa ya san shi. Ƙudan nama yana da jan ido da ciki mai zane kamar daran wasa, shi ma yana da gashi, kuma yana son rairayi, don haka shi ya fi yaudara. Ƙudan gashi kuwa sai an juya shi an duba bayansa. A ƙarshen ƙirjinsa ta baya akwai wata 'yar garkuwa, a ƙarƙashinta kuma akwai ɗan kumburi kamar matashin kai. In akwai matashin nan, to shi ne. In babu, a sake shi ya tafi. Sannan a duba siririn gashin da ke fitowa daga fuskarsa: na ƙudan gida mai rassa ne kamar gashin kaza, na waɗannan galibi sumul yake. Bayan haka sai faɗin da ke tsakanin idanu, da inda jijiyar fiffike ta karya kwana, da yadda gashin ciki ya jeru. A nan ne ake gane wanda ake gani kullum da wanda mutum zai shekara bai haɗu da shi ba.

Ranar da ya gaya mini yadda suke rayuwa ban ji daɗi ba. Ya ce uwar takan nemi tsutsa mai cin ganye, ko gwazarmar da ke ɓoye a ƙarƙashin rairayi, ta saka mata ƙwai a jiki ko kusa da ita. In ya ƙyanƙyashe sai ɗan ya shige cikin tsutsar ya riƙa cinta daga ciki har ya girma. Na ce wannan ai mugunta ce. Ya karkata kai kamar yadda ya saba, can ya ce shi ma ya daɗe yana tunanin haka, amma tsutsar nan hatsinmu take ci, kuma bai san wani abinci da aka rubuta wa ƙudan ba sai ita. Ya ce shi aikinsa ya duba ne, hukunci ba nasa ba ne.

Yana tara tsutsotsi a kwalabe, ya rufe da ƙyalle, ya riƙa ba su ganye yana jiran ya ga abin da zai fito, malam-buɗe-littafi ko ƙuda. Har bayan randar Inna ya taɓa jera su saboda sanyin wurin. Da ta gani ta kwashe su ta ajiye masa a kan gadonsa, ta ce tunda 'ya'yansa ne su kwana da ubansu.

Sau ɗaya na taɓa jin Kawu ya ɗaga murya, kuma a kan Yaya ne. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa masara ne, irin mai shiga cikin tsakiyar ganye ta ci ta bar kashi kamar dusa. Kowa a gari ya ɗauki tankin feshi. Yaya, wanda shi ke riƙe da gonar gida, ya haɗa magani zai fita, Kawu ya tsaya a zaure ya ce ba za a fesa ba. Ya ce ya ga ƙudajensa suna yawo a gonar, in aka ba su lokaci za su rage tsutsar, in kuwa aka fesa su ma mutuwa za su yi. Yaya ya ce, cikin ladabi da farko, gidan nan ba ƙuda zai ci da rani ba. Magana ta yi tsawo har Kawu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce gonar ubansa ce. Yaya ya ajiye tankin ya shige ɗaki. Daga ƙarshe liman ne ya raba, aka fesa ɓangaren Yaya, aka bar ɓangaren da ke kusa da ƙorama yadda Kawu ya so.

Ƙudajen sun zo, amma sun makara. Masarar Kawu ta lalace fiye da rabi, ta Yaya ta yi kyau. Kawu bai ɓoye ba, ya tsaya a bakin gonar yana kallon karan da suka rame ya ce mini ya ɗora wa ƙananan bayin Allah nauyin da ya fi ƙarfinsu. Amma bai iya faɗar haka a gaban ɗansa ba, shi ma Yaya bai iya zuwa ya ce komai ba. Tsawon kakar nan ba su ci a kwano ɗaya ba. Inna ta riƙa raba tuwo gida biyu tana tsaki.

Sai damina ta zagayo. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar ɗakin Kawu, Yaya ya shigo daga gona riƙe da hularsa a hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya durƙusa ya ajiye ta a gaban mahaifinsa. A ciki akwai tsutsar masara, a bayan kanta an manna wasu fararen ƙwayaye ƙanana. Ya ce, "Baba, na ga wannan a layin bakin rafi, na ce ko na mutanenka ne." Kawu ya ɗauki madubi ya daɗe yana dubawa fiye da yadda ake bukata. Da ya gama ya ce nasu ne, sannan ya ɗaga murya ya ce wa Inna a zuba musu tuwo tare. Tun daga shekarar Yaya ke feshinsa in ta kama, amma layukan da ke bakin ƙorama ba ya taɓa su.

Bayan nan na sake aure, na koma Bebeji inda nake koyarwa a firamare, fitarmu ta zama sai lokacin hutu. Idon Kawu kuma ya riƙa yin yana. An yi masa aiki a ɗaya bai yi kyau sosai ba, ya ƙi yarda a taɓa ɗayan. Ya kai ga yana gane mutum da murya ne, amma kullum da hantsi sai ya buɗe akwatunansa ya zauna a gabansu, ya san wurin kowanne.

A hutun ƙarshen damina na bana ne ya ce in buɗe akwatin ƙasa in duba kusurwar hagu. Na ga allura tsirara, ba komai a jikinta sai guntun fiffike da 'yar takardar da ke ɗauke da sunan garin Doguwa. Ya ce tun yana aiki ya taɓa zuwa wani rafi a can, a gindin duwatsu, inda rairayin ke da laushi kamar gari. A nan ya kama wata ƙudan gashi da bai taɓa ganin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Ƙarama ce, gefen cikinta ja-ja, fuskarta fara tana walƙiya kamar azurfa. Ya duba duk abin da ke ɗakin ajiyarsu bai sami mai kama da ita ba. Kafin ya kai ta ga waɗanda suka fi shi sani, damina ta shigo, kafur ya ƙare bai lura ba, ƙananan ƙwari suka cinye ta. Ya koma rafin sau da dama bai ƙara ganinta ba. Ya ce wani lokaci har yakan tambayi kansa ko mafarkinta ya yi, sai ya tuna da guntun fiffiken.

Sannan ya ce, "Uwata, ki kai ni. Idona ya tafi, amma naki yana nan."

Inna ta ce ba inda za shi da wannan jikin. Mahaifiyata ta goyi bayanta. Yaya ne ya tashi ya je ya aro motar abokinsa.

Mun fita da sassafe ta Kwanar Dangora, muka bi hanyar Tudun Wada. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki hagu da dama. Kawu yana gaba, ya sauke gilashi, iska tana kaɗa masa gemu, yana faɗa mana inda muke daga ƙamshi da hawa da gangarar hanya. Da muka shiga wani daji da hanyar ta ratsa ya ce ya ji sanyin itatuwa. Bayan mun wuce, ƙasa ta fara tudu, duwatsu suka fito shuɗi-shuɗi daga nesa. Muka bar titi, muka tambayi wasu masu kiwo, muka yi ɓatan kai, muka dawo. Inda mota ta kasa, Yaya ya goya mahaifinsa a baya kamar yaro ya sauka da shi gangaren. Kawu yana ta cewa a sauke shi zai iya, amma hannunsa yana riƙe da wuyan ɗansa gam.

Rafin yana nan yadda ya faɗa. Ruwa siriri yana bi ta tsakiya ba ya ko ƙara, rairayi ya kwanta gefe biyu fari tas, manyan duwatsu sun zagaye wurin sun tare iska. Ba kowa sai kurciya da ke kuka can sama. Muka shimfiɗa masa tabarma a inuwar wani ɓaure. Ya cire takalmi ya nutsa ƙafafunsa a rairayin, ya ɗebo ya murza a tafinsa ya ce nan ne.

Na ɗauki raga na shiga rana. Na kama da yawa. Duk wanda na kama sai in sa a kwalba in zo in durƙusa kusa da shi in duba da madubi, shi yana tambaya ni ina amsawa. Akwai matashi a ƙarƙashin garkuwa? Babu, Kawu. Sake shi. Wani akwai matashin amma baƙi ne wuluk, irin wanda muke gani a bayan gona. Sake shi. Haka muka yi har rana ta take tsaka, Yaya ya kawo ruwa muka yi salla, Kawu ya ɗan kishingiɗa. Zafi ya sa rairayin yana rawa a idona, duwatsun kamar suna shawagi. Na fara tunanin yadda zan lallashe shi mu tafi.

A gindin wata 'yar ciyawa mai ƙananan furanni na gan ta. Ta tashi kaɗan ta sauka, ta sake tashi, gefen cikinta ya yi ja a rana. Ban san lokacin da na kifa ragar ba. Na sa ta a kwalba na taho, na ce Kawu tashi.

Ya tashi zaune, ya gyara hularsa. Ya tambayi matashi, na ce akwai. Girmanta, na ce ba ta kai ƙudan gida ba. Gefen ciki, na ce ja kamar ɓawon albasa. Gashin fuska, sumul. Ya tambayi inda jijiyar fiffike ta karya, na kwatanta masa da yatsa a tafin hannunsa, ya gyaɗa kai. Numfashinsa ya canza. Yaya ya matso ya tsuguna a bayanmu.

"Fuskar fa, Uwata?"

Na juya kwalbar ta fuskanci haske. Na duba, na goge madubin da gefen mayafina, na sake dubawa. Fuskar tana walƙiya, amma ba fara ba ce. Rawaya ce mai ƙyalli kamar zinariya. Na ɗago na kalli Kawu, idanunsa farare suna kallon inda muryata take, bakinsa a ɗan buɗe. Kalma ɗaya ce kawai, in na ce masa azurfa ce ba shi da yadda zai gane. Yaya ya kalle ni, na san abin da idonsa ke roƙo. Amma mutumin nan shi ya koya mini duba abu.

Na ce, "Kawu, ba azurfa ba ce. Ruwan zinariya ce."

Ya ce in sake juya ta, wataƙila rana ce. Na shiga inuwa na duba, na fito na duba, na ce masa haka take ko'ina. Can sama kurciyar ta sake kuka. Na ji kamar na karya wani abu a hannuna. Sai ya miƙo hannu na ba shi kwalbar, ya kara ta a kunnensa, ya lumshe ido yana sauraren 'yar ƙarar fukafukanta. Can na ga kafaɗarsa tana motsi. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, marar sauti, har hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ashe su biyu ne a nan. Duk shekarun nan ina zuwa neman ɗaya, ashe tana da 'yar'uwa ban sani ba."

Ya ce ko jinsi ɗaya ne namiji da mace, ko kuwa kowace da danginta, shi ba zai ce ba, wannan sai waɗanda ke da manyan madubai. Ya sa na riƙe ta, na soke ta da hannuna washegari yana gaya mini inda allura za ta shiga, na rubuta sunan rafin a ƙarƙashinta, na bar wurin sunanta ba komai. A hanyar komawa bai yi barci ba. Da muka tsaya shan mai a Tudun Wada, mai zuba man ya gaishe shi ya tambayi daga ina, Kawu ya leƙo ta taga ya ce daga Doguwa, an yi mana ƙaruwa. Mutumin ya yi masa barka da gaske, har ya ce Allah ya raya. Kawu ya ce amin.

Bai ƙara fita daga Dangora ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki, ya cika a ɗakinsa, kansa a kan cinyar Yaya, Inna tana riƙe da ƙafarsa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya ƙare kwanakinsa a sunkuye yana duban ƙananan abubuwan da ka halitta, bai raina ko ɗaya ba. Ka dube shi da rahama, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka mayar masa da ganinsa a inda babu yana. Mu da muka rage ka ba mu haƙurin rashinsa, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.